Ƙararrawar Mama

A gidanmu akwai Dokta da bai taɓa taka makarantar likita ba, shagon magani kawai gare shi. Akwai Nas da ba ta taɓa sa farar riga ba. Akwai Manaja, babban yayanmu, shi kam manajan gaske ne a wani ofis, sai dai ya ɗauka gida ma reshen ofis ɗin ne. Sai ni, Auta, mai kai saƙo a babur, wanda suka ce ba ya iya zaman minti goma wuri ɗaya. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Labarin Nas zan ba ku, yayata, mace tilo a cikinmu, da yadda mu uku muka taru muka kashe mata kunne ba tare da ɗayanmu ya ɗaga mata hannu ba.

Shekara huɗu Mama tana kwance. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, hannun hagu kaɗai ke motsi. A wannan hannun aka ɗaura mata wata 'yar ƙararrawar tagulla. Ta kaɗa, Nas ta zo. Juyi duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Abinci cokali-cokali don kada ta ƙware. Wanka, tsarki, canjin zanen gado. Daga nan sunan Nas ya samo asali, kuma mu da muka raɗa mata shi muna ganin karramata muka yi.

Kunnenta na hagu dama tun tana ƙarama wani zazzaɓi ya raunana shi, sai ka matso ka ɗaga murya. Da na dama take rayuwa. Shi ya sa in tana wanke-wanke a karkace take tsayawa, kunnen dama na fuskantar ƙofar Mama. Kujerarta ta kicin ma a karkace take, har ƙafafunta sun yi wa simintin shaida.

Ranar wata Talata da safe ina ɗaure kwalaye a bayan babur, na ji ƙararrawa tana ta kaɗawa ba a amsa ba. Anti, matar Manaja, ta fito daga ɗakinta da madubi a hannu.

"Nas! Ke Nas! Sai ƙararrawar nan ta fasa mana kai?"

Nas tana tsaye gaban murhu, ta juya mana baya, tana ta murza kunnenta da tafin hannu. Sai da Anti ta taɓa kafaɗarta ta zabura.

"Kunnena," ta ce, muryarta ta yi sama fiye da yadda ta saba. "Tun da na tashi kamar an cusa min auduga. Ga wata ƙara a ciki, irin ta tsohon firij."

"To, firij ɗin zai jira. Mama na kira."

Ta tafi. Kwana na ɗaya ke nan.

Da yamma Dokta ya dawo daga shago, ya kunna fitilar wayarsa, ya leƙa kunnen kamar mai neman ɗankunne a rijiya.

"Datti ne," ya ce. "Na ga irinsa ya fi ɗari. Ɗigo uku safe da yamma."

"Yaya Dokta, ba ya min ciwo fa. Ji ne kawai ya ɗauke."

"Ke ce mai shagon ko ni?"

Kwana biyu tana ɗiga magani, yana gangarowa ta wuyanta. A na uku ya zo da sirinji da ruwan ɗumi ya tsirta mata, jiri ya kwashe ta har sai da ta dafa bango. Ya ce alama ce magani na aiki. Anti ta kawo nata ilimin, ta ɗumama mai a cokali, ta ce haka kakarta ke yi, kuma kakarta har ta rasu tana jin tafiyar tururuwa.

Ranar Asabar da rana, Mama ta samu barci, Nas ta ja ni gefe.

"Auta, kai ni ƙaramin asibitin nan na ƙarshen layi. Minti ashirin. Don Allah."

Na kai ta. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta leƙa kunnen da abin leƙawa na gaske, ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora mata a goshi, ta kai shi bayan kunne. Sannan ta ajiye, ta dube ni.

"Kai wane ne nata?"

"Ƙaninta."

"To, saurara da kyau, don ita rabi za ta ji. Kunnen nan tas yake. Babu datti, dodon kunne lafiya lau. Matsalar a can ciki take, wajen jijiyar ji. Yakan faɗo wa mutum haka kwatsam, sau da yawa ba a gano dalili. Amma ana iya ceto shi in an yi sauri. Yau kwana nawa?"

"Biyar."

Ta yi ɗan tsaki, ba mu ta yi wa ba, kwanakin ta yi wa.

"Akwai ƙwayoyi masu ƙarfi na rage kumburi, da yanzu zan rubuta mata. To tana da ciwon suga, za su iya tayar mata da shi, ba zan ba ta ita kaɗai a gida ba mai lura ba. Abin da ya fi dacewa da ita allura ce. Likitan kunne zai shigar da maganin ta dodon kunne, sau uku ko huɗu, da 'yan kwanaki a tsakani. Ban ce dole ya dawo ba. Amma kwanakin farko su ne masu amfani. In mako biyu ya wuce, damar tana raguwa ƙwarai. Kuma wannan ne kunnenta mai kyau. Ka gane abin da nake faɗa?"

Na ce na gane. Ku riƙe wannan, don kada daga baya na ce muku ban sani ba.

Ta rubuta takarda zuwa babban asibiti, ta ja jan layi biyu ƙarƙashin kalmar gaggawa. Sashen kunne na can Litinin da Alhamis yake ganin mutane, ana raba lamba da ƙarfe bakwai, ana rufewa da tsakar rana. Akwai ma likitan kunne mai zaman kansa a ɗaya ƙarshen gari, kuma ba rashin hali ne ya dame mu ba. Ko ina za ta je, tambayar ɗaya ce: wa zai zauna da Mama? Safiya huɗu take nema a wurinmu. Bayan shekara huɗu.

Ranar Lahadi Manaja ya kira taro a falo. Ya sa gilashi, ya riƙe takardar nesa da fuskarsa kamar mai wari.

"Wannan batu ne mai muhimmanci," ya ce. "Ba a yin irinsa da garaje. Dole a yi tsari."

Ya buɗe kwamfutarsa, ya zana jadawali mai layi-layi da launi. Litinin da Alhamis, kowa da ranarsa. Sunansa ya sa a layin farko, don a duniya Manaja bai taɓa rubuta jerin sunaye nasa ya zo na biyu ba. Ya buga a takarda, ya manna a jikin firij.

"Daftari ne," ya ce. "Sai an zauna an amince. Kuma gobe ba ta ciki, ina da ganawa."

"Ni kun sani Mama ba ta karɓar abinci a hannuna," in ji Anti. "Ga bayan nan nawa. Likita ya hana ni ɗaga ko tulu."

"In na rufe shago da safiyar Litinin, masu hawan jini su mutu ke nan?" in ji Dokta. Tun da ya ji abin da likitar ta faɗa yake cika yana batsewa. "Wai babu datti! Ai dole ba za ta ga datti ba, ni na wanke shi. Kuma allura a dodon kunne? Ku ba su dama su huda mata kunne su koyi aiki a kanta. A bar ɗigon nan ya cika kwana goma tukuna."

"Ban da haka ma," Manaja ya rage murya, "namiji ya yi wa mahaifiyarsa tsarki? Ina mutuncin Mama?"

Duka suka gyaɗa kai. Mutuncin Mama ya zo musu a daidai.

Nas tana zaune a bakin ƙofa, ta miƙo kunnen hagu, idonta na bin bakunanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Me aka ce?" ta tambaye ni.

"An ce ana tsari," na faɗa da ƙarfi.

Manaja ya sanar a gurup ɗin dangi na waya cewa 'yar'uwarmu na fama da 'yar matsalar kunne, ana neman addu'a. Kafin awa ɗaya saƙo ya fi arba'in. Hotunan furanni, hotunan hannuwa a ɗage, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Babu ko ɗaya da ya ce ga ni nan zuwa Litinin.

Litinin ta wuce. Kwana bakwai.

Tun da ta daina jin ƙararrawa, Nas ta koma gadinta da ido. Ta tokare ƙofar Mama da takalmi, ta ɗauko kujerarta ta kicin ta dasa a bakin ƙofar, tana kallon hannun hagun nan. Girki a guje take yi, ta juya tukunya sau biyu ta dawo ta leƙa. Abinci ya fara ƙonewa, Anti ta fara ƙorafi. In ta miƙe da sauri sai ta dafa bango. Ƙarar da ke cikin kunnen ba ta barinta ko minti ɗaya, wani lokaci ka ga ta runtse ido ta danne kanta da hannu biyu. Aka fara maganarta a gabanta, ba a ko rage murya.

"Tana ji sarai," Anti ta ce wa wata ƙawarta, Nas na tsaye tana zuba musu shayi. "Wanda ta ga dama take ji."

Ranar Laraba Nas ta same ni ina wanke babur. Ta buɗe tafin hannunta. Ta rubuta tara da biro, yawan kwanakin ke nan.

"Gobe ni zan zauna," na ce. "Je ki."

Ta riƙe hannuna da hannu biyu, kamar na ba ta gida.

Kafin ta fita ta nuna min komai. Ga safar hannu ƙarƙashin gado, ga roba, ga tawul, ga yadda ake naɗe zanen gado ta gefe ɗaya. Na ce na gane, ina duba wayata.

Awar farko lafiya. Na juya Mama da ƙyar, na ba ta ruwa. Na zauna, na tashi, na leƙa taga, na ƙirga silin. Wajen ƙarfe tara da rabi wari ya tashi. Mama ta kawar da fuska zuwa bango, hawaye na bin gefen idonta, ta shiga kaɗa ƙararrawa. Ina tsaye a kanta amma ƙofa take kallo.

Na buga wa Anti ƙofa. "Ina wanka!" ta ce. Ban ji motsin ruwa ba. Na kira Dokta, ya ce mutane sun cika masa shago. Na kira Manaja, ya katse, ya turo saƙo: ina ganawa. Na durƙusa na jawo robar da safar hannun, na sa hannu ɗaya a ciki. Sai na cire. Na ce wa kaina ai kunyata Mama take ji, ai don ita zan yi. Mutuncin Mama ya zo min a daidai ni ma.

Na hau babur.

Na samu Nas a kan dogon benci a sashen kunne, ta ƙanƙame takardarta da wani ɗan kati mai lamba talatin da huɗu. Tana kallon bakin mai kiran lamba. Ana kan ashirin da tara. Tana ganina ta miƙe.

"Mama ta faɗi?"

Na kai bakina kunnenta na hagu, a gaban mutane, na ce, "Ta ɓata jikinta."

Ta dube ni. Ta dubi katin. Ta dubi ƙofar likita.

Wani dattijo da ke gefenta ya ɗaga yatsu biyar saitin fuskarta. "'Yata, saura biyar fa."

"Tun yaushe?" ta tambaye ni.

"Kusan awa."

"Ita kaɗai?"

Ta ajiye katin a kan benci, ta wuce gaba.

Muka iso gida. Ta shiga ɗakin, ta sa safar hannu, tana yi wa Mama magana a hankali, "Yi haƙuri, ga ni, yi haƙuri." Ina tsaye a ƙofa ina kallon agogon bango, don ban iya kallon komai ba sai shi. Minti goma sha biyu. Aikin da na ratsa gari don na guje masa ke nan. Da muka koma asibiti an rufe taga, mai shara ya ce sai Litinin. Kwana goma.

Daga ranar na gano cewa saƙonnin nesa sun fi yawa Litinin da Alhamis. Tun asuba nake ficewa.

Amma Litinin ɗin da ta biyo baya ban tsere da wuri ba, na ga abin da ya faru. Shugaban ofishin su Manaja da mutanensa za su zo duba Mama da ƙarfe goma sha ɗaya. Tun jiya aka sayo sabon labule da turaren ɗaki. Nas ta fito da mayafinta da jakarta, ta tare Manaja yana ɗaura agogo.

"Yaya, yau kwana goma sha huɗu."

"Na sani, na sani."

"Likita ta ce in ya wuce mako biyu…"

"Haka suke faɗa don su tsorata mutane. Jiki ba kalanda ba ne." Ya tuna ba ta ji, ya matso ya ɗaga murya. "Alhamis ba gudu za ta yi ba! Yau baƙi gare mu! So kike su tarar da Mama haka?"

"Anti fa?"

"Anti za ta tarbi baƙi."

Ta tsaya da takardar a hannu, jan layin ya fara dushewa don yawan naɗewa da buɗewa. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Ba ta ji ba. Manaja ya nuna mata ƙofar da yatsa. Ta cire mayafin.

Baƙi suka zo, suka tarar da Mama fes, zanen gado fari ƙal, ɗaki na ƙamshi. Shugaban ya dafa kafaɗar Manaja.

"Shekara huɗu, ko gyambo ɗaya babu! Allah ya ba mu 'ya'ya irinka."

Manaja ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, uwa ce. Me za mu yi mu biya ta?"

Nas tana bayan ƙofa riƙe da tire.

Alhamis Dokta ya ce ya canza mata ɗigo, a ba sabon mako guda. Litinin Anti ta tashi da ciwon kai. Jadawali na nan a jikin firij, mai ya fara fantsamar masa. Nas ta daina rubuta lamba a tafin hannunta.

Ranar Laraba, kwana ashirin da uku, tana bayan gida tana shanya zannuwan gado. Mama ta miƙa hannu neman kofi, ta zame, rabin jikinta ya rataya a gefen gado. Ta kaɗa ƙararrawa har hannunta ya gaji. Anti ta fita gyaran gashi. Sai ga Manaja ya dawo ɗaukar wani fayil da ya manta, shi ya tarar da ita haka, fuskarta ta yi jawur.

Ranar gidan ya ji murya. Ya tsaya a kan Nas, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wannan kunnen naki ya fara zama matsala a gidan nan!"

Ya zaro waya. Kira ɗaya ya yi, ina tsaye. Bai kai minti uku ba. Washegari ƙarfe shida ga nas ta gaske a ƙofar gida, da farar riga da jakarta, za ta zauna da Mama har la'asar. Ashe ana samunsu. Ashe lambar tana cikin wayarsa tun tuni.

Da kansa ya kai Nas asibiti a motarsa, na bi su a babur. Aka shigar da ita wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka sa mata abin sauraro a kunne, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ji ƙara. Da aka zo kunnen dama, ina hango ta. Ta ƙura wa bango ido, babban yatsanta na kan maɓallin a shirye, tana jira a fara. An daɗe da farawa.

Likitan kunnen ya duba sakamakon, ya duba takardar mai jan layi, ya duba kwanan watan da ke jikinta.

"Ina kuka kai takardar nan kwana goma sha tara?"

"Likita, ka san harkar gida," in ji Manaja.

"Ban sani ba. Faɗa min."

Manaja ya gyara gilashi.

Likitan ya ce duk da haka za a gwada. Aka yi mata allurar sau uku, tana kwance a karkace rabin awa bayan kowace, an hana ta magana da haɗiyar yawu. Aka ɗauki hoton kanta, ba a ga komai ba. Aka sake shigar da ita ɗakin gilashi. Ta danna maɓallin sau biyu, a ƙarar da likitan ya ce ta kai ta injin niƙa. Ya ce abin da ya dawo ke nan, kuma ba ya sa ran ƙari. Saura na'urar ji, a ɗora wa na hagu mai ɗan saura, a gwada wa na dama ko zai karɓa. Ƙarar firij ɗin kuma sai dai ta koyi zama da ita.

Ranar da sakamakon ya fito, da rana tsaka, Dokta ya zama gwani. Ya cika gurup ɗin dangi da bayanin da ya karanto a waya: ƙwayoyin rage kumburi, allurar dodon kunne, har da wani ɗaki da ake shigar da mutum ya shaƙi iska mai ƙarfi. Ya rufe da cewa wannan ciwo ba ya son jinkiri, jama'a a kula, kuma da an tuntuɓe shi yadda ya kamata da ba a kai haka ba. Dangi suka yi ta sa masa albarka.

Nas ta gaske kuwa, ana gama allura ta uku aka sallame ta. Manaja ya ce bai dace baƙuwa ta riƙa buɗe jikin Mama ba alhali tana da 'ya. Saura matsalar ƙararrawa. Wannan kam bai ce sai an yi tsari ba. Kwana biyu ya ɗauka. Ya dawo da wani kwali, a ciki akwai maɓalli da za a ɗaura wa Mama, da wani baƙin abu kamar agogo da za a ɗaura wa Nas a hannu. Mama ta danna, abin ya yi girgiza.

A falo ya gwada. Ya ɗaura mata da kansa, ya ja maɗaurin sosai, ya koma nesa ya danna. Hannunta ya zabura. Ya sake dannawa, ya sake zabura.

"Kai, zamani!" in ji Anti tana tafi. "Ko tana bayan gida sai ta ji."

"Ko tana barci," in ji Dokta.

"Kun gani?" Manaja ya ce. "Komai yana da mafita in an natsu."

Kunnen mutum ya jira kwana ashirin da huɗu. Ƙararrawa ta jira biyu.

Nas ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta dubi abin a hannunta, sannan ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. A kaina ta fi daɗewa.

Washegari na shiga ɗakin Mama na ce wa Nas ta koya min. Ba ta ce ai ta taɓa koya min ba. Ta miƙo min safar hannu. Na farko na yi minti arba'in, na yi amai a bayan gida. Mama ta kawar da fuska, ni ma na kawar. Ba wanda ya mutu, kuma mutuncinta na nan inda yake. Ban faɗi wannan don a yaba min ba. Abin da na koya a rana ɗaya ne, da na koye shi wata ɗaya baya da yanzu wataƙila tana jin muryata.

Ranar Litinin aka ba wa Nas don gwajin na'urar ji. Da safe Manaja yana kan tebur, ya sha kwat, yana juya shayi. Ba wanda ya tambayi wa zai zauna da Mama, don kowa ya ɗauka za ta ɗaga ranar kamar yadda ta saba. Ta fito da mayafi da jaka. Ta tsaya gaban firij, ta ɓalle jadawalin, ta kawo ta shimfiɗa kusa da kofinsa. Ta ɗora yatsa a layin farko.

Kafin ya gama karanta sunansa, ta kwance baƙin abin daga hannunta, ta kama nasa, ta ɗaura masa sama da agogonsa mai tsada. Ta ja maɗaurin sosai.

"Juyi ƙarfe tara da sha ɗaya," ta ce. Yanzu ba ta san ƙarfin muryarta ba, har maƙwabta sun ji. "Abinci cokali-cokali, ka jira ta haɗiye. Safar hannu na ƙarƙashin gado. Minti goma sha biyu ne, Yaya."

Ta juya ta nufi ƙofa.

"Ke! Daftari ne wannan! Ba a amince ba! Ina da ganawa! Nas! Da ke nake!"

Ba ta juyo ba.

"Da gangan take yi," in ji Anti.

"A'a, Anti," na ce. "Wannan karon akwai takardar asibiti."

Sai abin ya fara girgiza. Cokalin da ke hannun Manaja ya shiga buga gefen kofi, shayi na fantsama a kan jadawalinsa. Ya dubi Anti, ta dafa bayanta. Ya dubi Dokta, Dokta ya duba agogo ya ce masu hawan jini na jiransa. Ya juyo kaina.

"Auta! Tsaye kake?"

"Tawa Alhamis ce, Yaya. Kai ka rubuta."

Na ɗauki hular kwano biyu na fita. Tana tsaye jikin babur tana gyara mayafi. Na ce mata, "Yaya Nas, ki yafe min." A kunnen dama na faɗa, don na manta. Ta karɓi hular, ta hau.

Na tayar da babur. Ta taga ina hango babban yayanmu tsaye a tsakiyar falo cikin kwat ɗinsa, ya miƙe hannu nesa da jikinsa, abin na ta girgiza, yana neman wanda zai kwance masa.